Lungun da Jan Layi Ya Danne

Jan layin da aka ja a taswirar ya fi lungun faɗi. Mutum talatin da 'yan kai ne suka zauna a ɗakin taron ma'aikatan rabon magani ranar nan, kowa idonsa a kan babbar takardar da aka manna a bango, amma Malama Julie Toma ce kaɗai ta lura da haka. Da aka tashi shan ruwa sai ta je gaban taswirar, ta gyara tabarau, ta bi layin da farcenta daga bakin titi har inda ya karya kwana bayan manyan sito na 'yan atamfa. A nan ya kamata a ga Lungun Mabuga. Ba a gan shi ba. Jar tawada ta kwanta a kansa gaba ɗaya. Hagu da layin an rubuta Fagge, dama an rubuta Sabon Gari, gidaje ashirin da uku da ke ƙarƙashinsa kuwa ba su da suna.

Ta ɗauke farcenta daga taswirar. Ta ɗauka aikin mai buga takarda ne, ta koma kujerarta.

Julie 'yar wani ƙauye ce a gefen Zariya. Mahaifinta malamin firamare ne, ran Lahadi kuma shi ke karanta Littafi a coci. Aure ne ya kawo ta Kano shekara talatin da ɗaya da suka wuce, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa, yanzu ya rasu. Ta koyar a wata makaranta a Sabon Gari shekara goma sha ɗaya, har aka rushe makarantar aka gina shaguna a wurin. Daga nan ta shiga aikin bi gida-gida: rigakafi, rabon gidan sauro, ƙidayar yara, duk wanda ya samu. Babu mai kiran ta Julie a unguwa. Maman Jerry ake ce mata, ko da yake Jerry ɗin yana Kaduna da gemunsa da 'ya'ya biyu.

Ba ta da yawan magana, amma ba a ɓoye mata yaro. In ta yi sallama a gida ba ta fara da tambaya, ƙananan silifas ɗin da ke bakin ƙofa take ƙirgawa. Uwa ta ce yara uku ne, Julie ta ce, "To mai wannan ɗan jan takalmin fa, baƙo ne?" Sai a yi dariya a fito da na huɗu daga bayan labule.

Lungun Mabuga a da wurin masu bugun shadda ne. Yanzu babu mabugi ko ɗaya, sai sunan. An gina benaye masu hawa uku hagu da dama ana ajiye dilolin atamfa, lungun ya zama wani siririn tsagi a tsakani, adaidaita sahu ba ya shiga, rana ma ba ta leƙa shi sai da azahar. Akwai Hausawa a ciki, akwai Ibo, akwai 'yan kudancin Kaduna, da gida biyu na Nufawa. In ka tambaye su wace unguwa suke, amsa ta danganta da abin da ya kawo ka. Sha'anin raɗin suna da na rasuwa wajen mai unguwar ɓangaren Fagge ake kai su. Masu kwasar shara daga ɓangaren Sabon Gari suke zuwa. Haka abin yake tun kafin Julie ta zo garin, kuma bai taɓa hana kowa barci ba.

Bai hana aikin magani ba ma, domin su masu aikin suna da tasu hanyar. Julie ke riƙe da ɓangaren Sabon Gari, Hajiya Ummakulsum ke riƙe da ɓangaren Fagge. Duk safiyar farko ta kowane zagaye sai su haɗu a famfon da ke bakin lungun, su gaisa, su tambayi gwiwar juna, sannan ɗaya ta ce, "Wa ke da lungu wannan karon?" Wadda kayanta suka fi sauƙi ta ɗauka. Wani lokaci su raba: gidan da maigida ba ya son baƙuwar fuska Hajiya ta shiga, gidan da uwa ta fi sakewa da Turanci Julie ta shiga. Da yamma su haɗa lissafin yaran a takardar mutum ɗaya don kada a ƙirga sau biyu. Shekara goma sha huɗu suna haka, ba a taɓa tsallake yaro ba.

Sai waya ta zo. Ƙungiyar da ta ɗauki aikin rabon maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro na daminar bana ta ce an daina takarda. Aka yi wa ma'aikata gwajin shafa gilashin waya. Hajiya, mai shekara sittin da biyu, ta danna shi da ƙarfi kamar yadda take danna maɓallan tata wayar, ta faɗi gwaji, aka yi mata godiya aka sallame ta. Minti shida aka yi. Babu wanda ya tambaye ta abin da ta sani game da gidajen da ta yi shekaru tana shiga.

Sabuwar doka mai sauƙin faɗi ce. A watan Yuni za a yi rajistar kowane yaro daga wata uku zuwa shekara biyar, a tsaya a ƙofar gidansu a danna, waya ta ɗauki wurin. A watan Yuli za a fitar da katin magani daidai sunayen da ke cikin kwamfuta. Babu suna, babu kati.

Julie ta shiga lungun ta yi rajistarsa kaf: gida ashirin da uku, yara arba'in da ɗaya. Ta dai lura da abu ɗaya. A kan titi, shuɗin ɗigon da ke nuna inda take tsaye yana da 'yar ƙaramar da'ira kamar ƙwayar wake. Tana shiga lungun sai da'irar ta kumbura, ta haɗiye benen hagu, ta haɗiye na dama. Ta ɗaga wayar sama, ta jira, ta girgiza ta, ba ta ragu ba. Ta danna a haka.

Ran Juma'ar da ta rage kwana uku a fara rabo aka fitar da sunaye. Julie ta duba nata sau biyu a tsaye. Babu lungun. Ta nemi yarinyar da aka ba yankin Hajiya, ita ma babu shi a nata. Yarinyar ba ta ma san da lungu a wurin ba, wayarta ta nuna mata iyakarta a bangon sito, a nan take juyawa.

Ofishin ƙungiyar yana saman wani bene a Titin Ibrahim Taiwo. Mai kula da taswira wani saurayi ne, Usaid Wali, ɗan gidan malamai, ya karanta ilimin taswira a jami'a. Ba mugu ba ne, har miƙewa yake in babba ya shigo. Ya jawo mata kujera.

"Zauna mana, Mama."

"Ba zama ya kawo ni ba, Malam Usaid. Yarana arba'in da ɗaya nake nema."

Ya ɗan latsa kwamfuta, fuskarsa ta saki. "Ai ba a goge su ba. Ga su nan." Ya juyo mata da allon. "Kin ga wannan da'irar? Wayar ce ke cewa, ina cikin wannan zagayen, amma ban san takamaiman wurin ba. A fili kuskurenta bai wuce mita biyar ba. Tsakanin dogayen gine-gine kuwa, saƙon tauraron ɗan'adam sai ya bugi bango kafin ya iso, kuskuren ya kai mita talatin ko arba'in. Da'irar gidajen nan rabi tana Fagge, rabi tana Sabon Gari. Shi kuma tsarin ba ya karɓar gida sai ya san unguwarsa. Shi ne ya ajiye su gefe."

"Gefen wa?"

"Gefen waɗanda ba a tantance ba."

"Wa ke tantancewa?"

Usaid ya shafa ɗan gemunsa.

A nan ne ran Julie ya fara ɓaci da gaske. Ba ta ga laifin wayar ba. Wayar gaskiya ta faɗa, ta ce ba ta sani ba, har ta zana girman rashin saninta kowa ya gani. Mutane ne masu albashi da fanka a kansu suka zauna suka yanke cewa "ban sani ba" da "babu" abu ɗaya ne. Ita da ta yi shekara goma sha ɗaya a aji, yaron da ya ce bai sani ba shi take jawowa kusa da allo. Ba ta taɓa korar sa waje ta rubuta cewa bai zo makaranta ba.

"To su gidajen a wace unguwa suke?" in ji Usaid. "In na sani zan iya rubutawa sama."

"Ya danganta da wanda ka tambaya."

"Mama, gida ba ya zama a unguwa biyu."

"Wannan ya zauna. Tun ba a haife ka ba."

Ya yi ajiyar zuciya, ya rage murya. Ya ce ya san da haka. An koya musu a jami'a cewa ba kowace iyaka ce ake ja da siririn layi ba. Inda babu tabbas, a bar fili mai faɗi a rubuta cewa nan sai mai tafiya da ƙafa ya yanke. Shi kansa a kan wannan ya yi rubutun kammala karatunsa. Amma fom ɗin daga hedikwata ya zo, akwati biyu ne a ciki, babu na uku. In ya rubuta wasiƙa yau, amsa sai Agusta.

"Litinin za a fara," in ji Julie. "Ruwa ya riga ya sauka. Ka ga kwatar lungun nan kuwa?"

Ya waiga ƙofa, sannan ya matso. "Akwai dabara. Ki je bakin famfon nan, ki matsa taku goma ɓangarenku inda waya ke kamawa da kyau. Ki sake shigar da su duka daga can. Zan kau da kai."

Julie ta cire tabaranta ta riƙe a hannu. Wannan ita ce dabarar ragwaye, masu zama ƙarƙashin bishiya su cika suna ɗari ba su taka ƙofar kowa ba. Bara aka kori yara mata biyu a kan haka, aka karanta sunayensu a gaban kowa.

"Wato in na faɗi gaskiya a ajiye su gefe," ta ce, "in na ce gida ashirin da uku suna zaune a kan famfo sai a yarda. Baɗi kuma wata ta ɗauki taswirarka ta je famfo ta nemi yara. Shekara ashirin ina wannan aikin ban taɓa rubuta gida ba sai ina tsaye a ƙofarsa. Ɗauko wayarka."

"Yanzu?"

"Rana kake tsoro?"

Suka hau adaidaita sahu, suka sauka a bakin titi, suka ratsa tsakanin 'yan dako masu sauke diloli. Usaid ya wuce bakin lungun bai gan shi ba, sai da ta kama hannun rigarsa ta juyo da shi.

Gida na huɗu a dama na Adaeze ne, mai ɗinki. A lungun aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni kaifi. Tana da tagwaye 'yan shekara biyu, kuma bara da damina ɗayansu ya kwana huɗu a asibiti da zazzaɓi har da jijjiga. Tana zaune a bakin ƙofa da kekenta, ta ga Julie da baƙo mai takalmi sau-ciki yana ɗaga ƙafa don kada ya taka ruwan kwata.

"Maman Jerry, an ce babu mu a takarda. Wannan ne mai taswirar?"

"Shi ne."

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Taka a hankali, ka shigo garin da babu shi."

Usaid ya yi murmushin dole, ya fito da waya. Julie ta ce, "Ina ta ce kake?"

"Cikin sito." Ya jira. "Yanzu kuma ta ce ina tsallaken titi."

"Ka gaida mana su," in ji Adaeze, ba ta daina taka keke ba.

Matan makwabta suka fara leƙowa. Usaid ya ce, "Madam, ke a ganinki nan Fagge ne ko Sabon Gari?"

"In suna ne, Fagge. In shara ce, Sabon Gari. In zaɓe ya zo duka biyun sun san hanya. Sauro dai bai taɓa tambaya ta ba." Sai ta tsayar da keken. Wasan ya bar fuskarta. "Malam, ni ban san layi ba. Yarana za su sha maganin ran Litinin ko ba za su sha ba?"

Bai iya kallon ta ba. Ya bi lungun har ƙarshe, Julie na gaba tana faɗa masa gida-gida, ya dawo gumi ya jiƙa masa wuyan riga. A bakin famfo ya ce akwai hanya ɗaya wadda ba ƙarya ba ce. Yana da ikon ɗaukar gida da hannu ya sa a yankin ma'aikaciya, ya rubuta cewa an tabbatar da ƙafa. Amma doka ta ce sai mutum biyu sun sa hannu, ɗaya daga kowane ɓangare, wanda ya san gidajen, ko da ba ma'aikaci ba ne, don kada a ba yaro magani sau biyu. Matsalar ita ce yarinyar ɓangaren Fagge ba ta san lungun ba.

"Akwai wadda ta sani," in ji Julie. "Kun sallame ta a minti shida."

Sun sami Hajiya Ummakulsum a tsakar gidanta a Fagge, ta miƙe ƙafa a tabarma tana tsince shinkafa. Ta ji bayanin Julie har ƙarshe ba ta katse ta ba, sannan ta dubi Usaid daga sama har ƙasa.

"Kai ne jikan Malam Wali? Kamarku ɗaya. Zauna, ɗana, buɗe abin naka, ka bi ni."

Ta fara daga famfo, hannun dama. Gidan Baffa mai gyaran rediyo, yara biyu, babban ya wuce shekara biyar a cire shi. Gidan Nufawa na farko, uku. Haka ta bi gida ashirin da uku ba ta ɗaga kai daga tiren shinkafa ba, Usaid na duba wayarsa yana gyaɗa kai. Da ta zo ƙarshe ta ce, "Arba'in da biyu."

"Da ɗaya, Hajiya," in ji Julie.

"Da biyu, Maman Jerry. Jaririyar Nana Fatima, bayan ƙaramar Sallah aka haife ta. Lokacin da kika yi rajista ba ta kai ba. Yanzu ta cika wata uku."

Julie ta ƙirga da yatsu, ta ce, "Gaskiyarki."

Usaid ya miƙa takarda da biro. Hajiya ta goge hannu a gefen zane ta karɓa. "Wannan dai ba sai an shafa gilashi ba ko?" Ta rubuta sunanta a hankali, harafi ɗaya-ɗaya. Usaid ya karɓa da hannu biyu.

Duk da haka ba a ba lungun magani ran Litinin ba. Takardar sai da ta jira sa hannun wani babba da ya tafi taro. Julie ta yi Litinin da Talata tana rabo a sauran yankinta, duk lokacin da ta zo bakin famfo sai ta ƙara sauri, domin ta san Adaeze na hango ta daga kan keke.

Ran Laraba da safe, ana gobe za a rufe zagayen, Usaid ya kira ta. Ta tsaya a bayansa yana ɗaukar gidajen ɗaya bayan ɗaya daga jerin waɗanda ba a tantance ba yana mayarwa ƙarƙashin sunanta. A ƙasan allon akwai wata 'yar ƙaramar lamba da ke raguwa duk lokacin da ya latsa. Da ya gama ta tsaya a ɗari shida da goma sha ɗaya.

"Wannan fa?"

"Sauran ne."

"Sauran me?"

"Gidajen da ke gefe. A duk yankunan da muke aiki."

Julie ta daɗe tana kallon lambar. Gida ɗari shida da goma sha ɗaya, kowanne wata mata ta tsaya a ƙofarsa ta yi sallama, an fito mata da yara, ta rubuta sunayensu, ta ce a jira Yuli. Iyayen suna can suna jira. Ba su san an ajiye su gefe ba, kuma ba kowane lungu ne ke da mai hawa bene ta yi faɗa a kansa ba.

"Wa zai je musu?"

"Na rubuta wasiƙar, Mama. Wallahi na rubuta."

"Na ji ka rubuta. Wa zai je musu kafin gobe?"

Ya ci gaba da kallon allon. Ta ɗauki katunanta arba'in da biyu, har da na jaririyar da aka ƙara, ta ƙirga su a gabansa, ta zuba a jaka, ta sauka ba ta yi sallama ba.

Ta fara da gidan Adaeze. Ta narka ƙwayar a cokali da ɗan ruwa, na farkon tagwayen ya shanye, na biyun ya furzo mata shi a gaban riga. Ta zauna a kan benci ta jira ya huce, ta sake ba shi, ta nuna wa uwar na gobe da na jibi. Adaeze ta ce ta tsaya ta ci abinci, ta ce sai wani zuwan. Jaririyar Nana Fatima ce ta ƙarshe, ƙarfe uku da rabi, hadari ya riga ya haɗu.

Ruwan ya same ta a hanya. Ta isa gida ta tarar da wankin da ta shanya tun safe ya sake jiƙewa sharkaf. Ta kwashe shi daga igiya, ta matse ɗaya bayan ɗaya a bokiti, ta shanya a bayan kujerun falo.